Mai Madubi Ta Ajiye Aiki

"Ka riƙa zuwa kullum da safe, mu rage ƙwayar nan sannu a hankali. Ni kuma zan buɗe maka hannun."

Ƙanena ya harare ta. "Wane hannun, Hajiya? Wanda aka binne?"

"Shi fa."

A gabana suka ƙulla wannan ciniki, a ɗakin gashin ƙashi da ke ƙuryar asibiti, kusa da wurin wanki. Injin niƙa ne ya cinye masa hannun dama, amma yana jin hannun a dunƙule, farata na huda tafin. A gida aka ce aljanu ne. Abokai suka ce raki ne. A tagar magani kuwa sai dai a ƙara masa ƙwaya, har ya koma barci a zaune, 'ya'yansa na tsallake shi.

Ita ce ma'aikaciyar ɗakin, Mai Madubi ake ce mata. Kafin masu shara su iso ta buɗe ɗaki, ta goge madubin da gefen mayafinta. Ta tsayar da shi a tebur, dungulmin hannun a bayan madubin, hannun hagu a gabansa. Ƙanena ya leƙa ya ga hannu biyu.

"Buɗe. Rufe. Hannu ya tafi, ƙwaƙwalwarka ce ba ta sami labari ba. Ita muke koya wa."

"Yau kuma ni ne amarya, an zaunar da ni gaban madubi?"

"Amarya mai gemu. Buɗe!"

An daɗe ana yi, har ya yi zuciya ya daina zuwa. Ta bi shi gida, madubi a hammata. Ranar da hannun ya saki, ƙato da shi ya kifa kai a tebur yana kuka.

Hajiya, ke ce kika yarda da ciwon da ba a gani. Ba ki taɓa ce wa majinyaci ƙarya yake ba. Allah ya saka miki.

Ga abin da ke ƙona mini rai. Shekara da shekaru tana roƙo a ba ta wanda za ta koya wa, ana ce mata ana dubawa. Da ta yi ritaya, lemon kwalba aka raba, aka miƙa mata agogon bango. Ɗakin yanzu karyayyun kujeru ne a ciki. Madubin kuma? Na gan shi da idona a rataye a ofis, ana gyara ɗaurin ɗankwali da shi! Masu shanyewar jiki na zuwa su ga kwaɗo a ƙofa, a nuna musu tagar magani.

Ku matasan asibiti, tana nan da ranta, ƙofarta a buɗe. Ku je ku koya.

Ƙanena ya ci riba: ya rabu da ƙwaya, yana tsaron shagonsa. Ofis ya sami madubi. Asara tana kan wanda injin zai kama gobe.