Gilashin da Aka Manna a Ɗakin Inna

Mijina malamin gini ne a babbar makarantar fasaha da ke Birnin Kebbi, tun muna cikin jihar Sakkwato. Abokan karatunsa duk sun ajiye alli sun kama kwangila, suna wuce mu a sababbin fijo, shi kuwa yana nan da tsohuwar Basfa. Na yi mita har bakina ya gaji. In na tambaye shi abin da ya riƙe shi a aji, sai ya yi murmushi ya nemi ruwan sha. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mini rai.

Wata shekara yayana ya gina wa Inna, mahaifiyarmu, ɗakin bulo a gidanmu na Argungu, can gefen fadama. Babu baƙuwar da ba a kai ta shafa bangon ba. Da muka je gaisuwa farkon damina, mijina ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda suruki ke yi, amma na lura idonsa ba ƙasa yake kallo ba. Wata tsaga ce siririya kamar zare, ta taso daga kusurwar taga ta gangara har ƙasa.

Ya kira ni zaure ya ce ƙasar wurin laka ce mai kumbura da ruwa, harsashin kuma bai yi zurfi ba. Ya nemo ɗan ɓallin gilashi, ya zagaya bayan ɗakin ya manna shi da siminti a kan tsagar. In bangon na tsaye, gilashin zai zauna lafiya. In yana motsi, zai karye.

Na kai wa Inna saƙo, ta harare ni. "Mi mijinki ka nema ga ɗakina? Ɗana yag gina man shi, nan ni ka kwana."

Duk ƙarshen mako muna kan hanyar Argungu. Gulbi ya cika, shinkafar fadama ta nutse. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa, Inna na tura ta da kafaɗa tana cewa katako ne ya sha ruwa. Ni dai barci ya ƙaurace mini, ko yayyafi aka yi sai gabana ya faɗi.

Wata Asabar da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, muka tarar gilashin ya rabu biyu, har ƙwayar shinkafa na iya wucewa ta tsakani. Yayana na Sakkwato. Na roƙi Inna, na yi kuka, na yi faɗa. Tana zaune bakin gado a gindin bangon tana jan carbi.

"Ba ni hita," ta ce.

Sai na ga mijina ya tuɓe takalmi ya shige ɗakin. Mutumin da bai taɓa ƙetare wannan ƙofar ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Ya zauna kan tabarma, ya jingina bayansa da tsagar, ya miƙe ƙafafu. Inna ta saki salati, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fito da saurin da ban san tana da shi ba.

Daga ciki ya ɗaga murya: "Ki hwaɗa ma Inna, in ta dawo, nan za ta ishe ni."

Ruwa ya ɓarke. Ina tsaye a tsakar gida ina kallon yashi na zubo masa a hula. Na raba uwata da bangon, ga uban 'ya'yana a gindinsa. Na kira shi, ya ƙi tashi sai da maƙwabta suka kwashe gadonta da kwanukanta kaf. Sannan ya fito, ya garƙame ɗakin da kwaɗo, ya sa makullin a aljihu. Inna ba ta sake amsa gaisuwarsa ba sai da salla, bayan an rushe ɗakin.

A hanyar komawa na dinga zuba masa faɗa daga bayan Basfa. Sai da muka kusa gari ya tanka.

"Wanda yaz zuba harsashin ga ɗalibina na. Gaba shi ka zama cikin aji." Sannan ya ƙara: "Bana ma wasu ɗalibai za su hita."

Ran Litinin ya naɗe ɓallayen gilashin a hankici ya tafi da su aji. Ban daina mitar Basfa ba. Amma har yau, duk gidan da na shiga, kafin in amsa sannu da zuwa, kusurwar taga nake fara duba.