Wuƙar da Mbah Ngatirah Take Ɓoyewa

A ƙauyenmu da ke tsakiyar tsibirin Jawa, ba a fara girbin shinkafa sai Mbah Ngatirah ta yanki zangarniyar farko. Mbah a yarenmu kaka ke nan. Tsohuwa ce 'yar firit, mai faɗan tsiya, kuma ungozomar gari. Ba ta taɓa lauje. Wata 'yar wuƙa take ɓoyewa a tafin hannu, ta shafa zangarniya tana waƙa ƙasa-ƙasa, sai ka ga ta faɗo hannunta.

Tatsuniyarta ɗaya ce. Wai shinkafa budurwa ce da ta yarda a ci ta, da sharaɗin kada ta ga ƙarfen da zai yanke ta.

Samari sukan ce, "Mbah, shinkafar ido gare ta?"

"Ta fi ka, mai kan kwakwa. Kai ana maka misali kana neman idon shinkafa."

Ranar da babana Kasmun ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya cika, mahaifiyata Turiyah tana da cikin wata bakwai, bayan ɓari biyu. Kowa ya san in aka faɗa mata gaba-gaɗi, cikin zai bi shi. Maza suka tsaya cirko-cirko a bakin hanya. Mbah ta ce kowa ya kama bakinsa, ta shiga gidanmu riƙe da mataji.

"Turiyah, wannan kai naki kamar sheƙar kaza. Zauna."

Ta sa ta ci abinci, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana taje mata kai, tana ba ta tatsuniyar nan. Can ta ɗora hannu a kan cikin.

"'Yar nan, kin san me ya sa zangarniya take sunkuyawa? Don ta riƙe abin da ke cikinta."

Mahaifiyata ta ce a nan ta gane, tun ba a faɗa ba.

"Kasmun ne, Mbah?"

"Shi ne. Sunkuya, ina riƙe da ke."

Ta yi kuka har la'asar, hannun tsohuwar bai bar cikin ba.

Ni ce a cikin nan. Da aka haife ni, Mbah ta yanke cibiyata da tsagin gora, bayan ta rufe min ido da tafinta.