Pinyon babur ɗin Baffa Ilu

Shekarar da ruwa ya kayar da katangar bayan gidanmu na Ajame Liberte, ana tsakiyar aikin gada ta biyu, ni kuma haƙoran gabana sun faɗi ba su gama fitowa ba, a wannan shekarar ce babur ɗin Baffa Ilu ya soma tsallen sarƙa. Ban yi boko ba, kada a tambaye ni lambar shekara. Amma na san ranar Juma'a ce, muna bisa gada, ruwan lagin, wato tafkin da ya raba garin, yana walƙiya a ƙasa, sai na ji wani ƙas-ƙas ƙarƙashin ƙafata kamar ana tauna tsakuwa.

Baffa Ilu wan mahaifina ne, ɗan goro, mutumin Tawa da ya daɗe a Abijan. Ni 'yar fari ce, ana yaye ni aka kai ni hannunsa da matarsa Inna Hajara, kamar yadda ake yi. Uwata tana Tureshbil, hayin ruwa, mahaifina kuwa kullum yana hanya da jirgin ƙasa. Aikina a Ajame layin famfo, wanke-wanke, da yayyafa wa goro ruwa ina tsince mai tsutsa. Juma'a kaɗai ce tawa. Baffa yakan ɗora ni bisa tankin mai, mu ƙetare, ya ajiye ni ƙofar uwata, ya yi salla, ya ɗauro huhun goro biyu a baya, da la'asar mu komo. Ban san wata hanyar ganin uwata ba sai wannan babur.

A ƙofar gidan su uwata akwai rumfar wani bakanike Bajule, Lasina. Ranar ya kwance murfin gefe ya ciro wani ɗan faifan ƙarfe mai haƙora, wanda mutanen Abijan ke ce wa pinyo. Na tsuguna ina kallo har na manta ban shiga na gaida kowa ba. Haƙoran sun cinye, sun lanƙwashe gefe guda kamar ƙayar kifi. Na tambaya wa ya cinye su, tunda ƙarfe ba ya tsutsa. Lasina ya yi dariya, ya ce sarƙa ce da yashi. Da guntuwar Hausarsa ya ce wa Baffa ya tafi da tsohon wurin masu kayan moto, wato babur, a ɗora shi kan sabon, ramin tsakiya ya zo ɗaya, kauri ya zo ɗaya, haƙora su zo ɗaya.

Baffa yana cikin farar rigar Juma'a, ba zai taɓa baƙin mai ba. Aka naɗe pinyon a ganyen goro aka ba ni na riƙe. A shagon, mai kaya ya zube su bisa tebur, manya da ƙanana. To, ɗan goro in ya ga abu a zube, hannunsa da kansa yake aiki. Baffa ya shiga ware su kashi-kashi, yana auna nauyi a tafi, yana ɗagawa ga haske. Ya ture mai haƙori sha huɗu, irin namu, ya ɗauki wani da ya fi shi faɗi, mai sha shida. Ramin ya yi daidai, kauri ya yi daidai. Mai kaya ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ce: "Shekara nawa ina zaɓe, ban taɓa barin goriya na ɗauki minu ba." Wato babban goro da ƙanana. Lasina ya ga abin da aka kawo, ya girgiza kai, ya ce zai shiga amma tudu zai yi magana. Baffa ya ce ya ɗaura, tudu ba ya sayar da goro.

Wallahi a bisa gada babur ɗin nan ya zama wani abu dabam. Rigar Baffa ta cika da iska, muka wuce masu keke, muka wuce wata motar katako, ina jin dariyarsa a ƙeyata. Muna gama gada muka kama hawan Filato, sai muryar injin ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ya yi tari ya mutu. Muka sauka. Baffa yana turi, huhu biyu na rinjayarsa, ni ina bin baya riƙe da takalmansa. Mako na gaba ma haka. Aka ce baki ne, don mutane sun ga gudun da ya yi. Aka ɗaura laya a ƙaho, aka yayyafa rubutu a tanki. Da abin ya ƙi, Inna Hajara ta yanke magana: nauyi ne ya yi yawa, goro dole ne, yarinya ba dole ba ce. Aka bar ni gida.

Juma'o'in nan sun yi mini tsawo. Tsohon pinyon yana wurina, ba wanda ya tambaye shi. Nakan gara shi a tsakar gida, in danna shi kan tuwon ƙasa ya fitar da zane kamar rana, 'yan gidan haya su yi ta roƙona aro. In Baffa ya kafe babur, sai in kwanta in leƙa sabon, ina juya tayar baya da hannu, ina son in gane yadda ƙaton abu zai kasa abin da ƙarami ya iya. Na tambayi Inna, ta ce in tashi daga ƙasa.

Kowace Juma'a kwano yana tafiya tsakanin gidajen biyu, Inna ta aika da dambu, uwata ta maido shi da waina. Wata safiya na naɗe pinyona a ganye na tura shi ƙarƙashin dambun. Ba dabara ba ce. Shi ke nan abin da na mallaka, ina son wani abu nawa ya ƙetare gadar.

Sauran labarin daga bakin ƙanwata Zinaru na ji shi bayan mun girma. Uwata ta ga ƙarfen, ta yafa mayafi ta fita rumfar Lasina. Ya ce mata injin lafiyarsa lau. Ya tambaye ta, in ta ɗauko tulu za ta hau tudu, dogon taku take yi ko gajere? Babban pinyo dogon taku ne, daɗinsa a fili. Mai kaya da tudu, gajere yake so. Uwata ba za ta iya duban wan mijinta ta ce ya yi kuskure ba, ko sunansa ba ta faɗa. Ba za ta iya cewa tana kewar 'yar fari ba, a ji kunya. Sai ta aiki Lasina da tsohon, ya dawo da sabo irinsa sak, ta wanke shi da toka, ta kwantar da shi ƙarƙashin waina. Baffa da kansa ya goyo shi har Ajame, ya tura shi a tudun Filato tare da goro.

Yana cin waina bayan magariba hannunsa ya taɓa ƙarfe. Ya ɗaga, ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Inna Hajara ta shiga gyara fitilar da ba abin da ya same ta. Can ya ce: "Minu ce, amma ba tsutsa." Ya sa a aljihu ya ci gaba da ci.

Juma'ar da ta biyo ya tafi shi kaɗai, ya dawo ba gumi a rigarsa. Ta bayanta ina wanke kwanoni na ji ya ce in ɗauko ɗankwalina. Da na shiga gidan Tureshbil, uwata tana bakin tanda, ba ta ɗago ba. Ta ce wa Zinaru: "Ki gaya wa 'yar Ajame, in za ta yi aike ta riƙa wanke shi, ta ɓata mini dambu da baƙin mai." Sannan ta juye wainar da ta fi kowace soyuwa a murfin kwano ta tura gefen da nake. Da la'asar muka hau Filato da huhu biyu da ni, babur yana gurnani a hankali, bai tsaya ba.

Yanzu jikokina ke da shagon kayan moto a Ajame. Mutum ya zo, ba ya ko kawo tsoho, hoton ake nunawa a waya, a karanta lamba a miƙo masa, rabin cinikin da Faransanci. Gadoji sun yi yawa, yaro in ya so uwarsa sai ya latsa ya ga fuskarta. Baffa Ilu da Inna Hajara da Lasina duk sun riga mu, Allah ya jiƙansu. Uwata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Cikin mutanen wancan lokaci saura ni da Zinaru, ita tana Tureshbil ƙafa ta ƙi, ni ina nan Ajame. Har yau ruwan nan ne tsakanina da nawa.