Ramuwar da na ɗauka a buhu zuwa Maradun

Mun tashi da asuba, ni da buhuna. Na ce "mun" ne don haka masu ba da labarin tafiya suke farawa, amma babu wanda ya raka ni tasha, babu kuma wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na kulle gidan da ba kowa a ciki, na jefa makulli a aljihu. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya riƙe abinsa, ni mahauci ne, bokona bai wuce farkon sakandare ba.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin buhun. Na'urar gem ce da autana ya bari lokacin da ya tafi Legas yin acaɓa, bayan rasuwar uwarsu. Tana da abin riƙewa guda biyu da ake dannawa, wanda yara ke kira hannu. Da farko na so in sayar. Wata rana da na dawo daga kasuwa shiru ya yi mini yawa, sai na jona ta da talabijin, kawai don in ji wata murya a ɗakin. Abin da ya fito faɗa ne na zanen Japan, irin katun ɗin nan masu gashi tsaye kamar ƙayar bushiya da idanu kamar faifai. Na ce wannan shirme ne. Shirmen nan shi ya cinye mini damina guda.

Ni tsohon ɗan dambe ne, kamar yawancin 'ya'yan mahautan zamaninmu. Ƙirgi ake ce mini a fili, saboda jikina yana shanye duka. Don haka in na ce faɗan nan yana da kyau, ba maganar yaro ba ce. Wanda ya tsara shi ya san faɗa. Kowane gwani da tsayuwarsa: akwai mai nauyi da ba ya sauri amma in ya taɓa ka ka ji a jikinka, akwai siriri mai shiga da fita, akwai mai jira sai ka yi wauta. Abin da ka danna shi yake yi, a lokacin da ka danna, ba ya ƙara maka ba ya rage maka. Babu alƙalin da ɗan garinsu zai saya da goro. A saman talabijin akwai layin jinin kowa, kana gani yana raguwa, ba mai ce maka ƙarya. Kuma kafin gwani ya saki babban dukansa sai ya tsaya ya yi ihu da yarensu, ƙasa ta tsage, duwatsu su tashi sama, wuta ta taru a tafinsa. Ban san me yake cewa ba, amma na san kirari in na ji shi. Laifinsa biyu ne a wurina: surutun labari ya yi yawa, kuma matan ciki ba su da zane.

Sai dai na'ura ba ta jin haushi. In ka kayar da ita ba ta kunya, in ta kayar da kai ba ta yi maka dariya. Hannu na biyu yana nan kan taga tun ranar da yaron ya tafi, har gizo-gizo ya yi masa ɗaki.

Akwai kuwa mutum ɗaya a duniya da nake son kayarwa. Tsinke na Bakura. Muna samari ya kashe ni a dambe a gaban mutanen garinsu, wato ya kai ni ƙasa, don a dambe da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an gama. Har gobe ina cewa ban shirya ba. Na juya wajen masu kalangu ina kirari, shi kuma ya sako hannu. Na nemi a sake, sai ya ce ya tuba da dambe, ya kwance zaren da yake naɗe hannu da shi ya koma tireda. Kwanan baya wani mai kawo shanu ya ce mini Tsinke ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ban ji tausayi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Tsoro na ji, kada ya mutu da kisana a hannunsa.

A tashar Mafara direba ya ce ba ya motsawa sai gari ya waye sosai an ga motocin farko sun wuce lafiya. Ba wanda ya yi musu, kowa ya san dalili. Kuɗin mota kuwa ya kai inda in ka ji sai ka sake tambaya, ko ba ka ji daidai ba. Aka cusa mu kamar buhunan albasa. Na rungume nawa buhun a cinya, wani dattijo da ke kusa da ni ya yi ta satar kallonsa, har ya kasa haƙuri ya ce ko injin awon jini ne. Na ce masa e, kusan haka.

Da muka bar babban titin Sakkwato muka karya kwanar Bakura, sai ido ya huta. Bazara ce, ko'ina ya ƙone, amma inda ruwan dam ɗin Bakolori ke kaiwa kore ne shar: shinkafa, albasa, dankali, mutane duƙe tun da sassafe. Inda ruwan bai kai ba kuma sai gonaki fayau da bukkokin da ba hayaƙi. A kowane shinge direba ya rage gudu, a gaisa, a leƙa, a wuce. A wani shingen aka ce in buɗe buhu. Jami'in ya ɗaga hannun gem ɗin, ya dube ni da furfurata, ya ce na jika ne? Na ce nawa ne. Dariyar da ya yi ba ta yi mini daɗi ba, amma ta sa bai tsawaita ba.

Bakura ta canza mini. Filin da aka kashe ni yanzu shaguna ne, daidai inda gwiwata ta taɓa ƙasa wani yana facin taya. Na tsaya na daɗe ina kallo, ba wanda ya san ni. Na sayi hoce, gasasshiyar wainar dawar nan, wurin wata tsohuwa, na haɗa da ƙuli, na ci a tsaye. Hocen Bakura har yanzu yana da tsaminsa mai daɗi, shi kaɗai ne bai ci amanata ba. Na leƙa rumfar mahauta don in ga aikinsu. Yankansu ba laifi, sai dai suna barin kitse da yawa a jikin fata, asara ce.

Su suka nuna mini gidan Tsinke. Na tarar da ƙofa da kwaɗo. Maƙwabcinsa ya fito, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, lahiyar gida, lahiyar iyali, ya zafi, ya hanya, sannan ya ce ai tun da ciwon ya kama shi ɗiyarsa ta kwashe shi zuwa Maradun, can wajen mijinta. Na zauna kan dakalin gidan da buhuna. Mutum ya yi shiri irin nawa, ya zo ya tarar da kwaɗo. Na kusa komawa gida. Abin da ya hana ni, na tuna abin da ke jirana a gidan.

Na dawo babban titi na nemi motar Maradun. Wannan hanyar ta fi ta farko shiru. Ramuka sun yi mata yawa, kuma fasinja ba sa hira, kowa idonsa na daji. Wata mata 'yar Janbako ce kawai ta yi ta faɗa da direba a kan kajinta da ya ɗaure kusa da salansa. Kusa da gari masu kifin dam suka yi mana caa a taga. Na sayi soyayye, ba don ina so ba, don kada in shiga gidan mutane hannu sake.

Na samu gidan ana kiran azahar. Surukin Tsinke mai cajin waya ne, yana da sola, mutum mai ladabi. Bayan salla ya kai ni zaure. Can na ga wani tsoho a kan tabarma an jingina shi da bango, baki ya karkace, hannun hagu a ajiye kan cinya kamar ba nasa ba. Sa'ana ne, amma ciwo ya ƙara masa shekaru. Na yi sallama. Ya daɗe yana dubana.

"Wa nika gani kamar Ƙirgi?"

"Shi ne."

"Ashe ka tashi? Ni tun da na baro ka ƙasa ban sake jin labarinka ba."

Ka ji mutumin da ake cewa ba shi da lafiya. Muka gaisa yadda ya kamata, ya yi mini ta'aziyyar uwar ɗiyana da bai samu zuwa ba, na yi masa ya jiki. Ɗiyarsa ta aiko da fura. Sannan na kwance buhu na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har ya sarƙe.

"Kai, mahaucin banza. Ka biyo hanyar ga duk don wasan yara?"

"In tsoro kake ji ka faɗa, in mai da kayana."

"Ku kawo talabijin," in ji shi.

Surukin ya jona komai. Na zaɓi gwanina, ƙaton nan mai nauyi. Tsinke ya sa aka yi ta wuce masa hotuna har aka zo kan wani siririn tsoho mai gemu, ya ce wanga ya yi kama da mutanen kirki. Aka ɗora masa hannun gem a cinya. Hannunsa na dama, wanda yake naɗewa da zare a da, shi ciwon ya bari. Na nuna masa botin da ake dannawa a yi naushi, ya ce ya isa, shi bai taɓa buƙatar fiye da ɗaya ba. Muka ɗan gwada, yana ta mamakin yadda tsohon ke motsi da ya taɓa. Na ga idonsa ya canza. Ya ce, "Ka ga tsayuwarshi? Wanga ya san dambe." Sannan ya ce turmi ɗaya za a yi, shi ba ya da ƙarfin uku.

Da na so, da na gama da shi kafin ya ƙifta ido. Amma ban ɗauko buhu tun daga Mafara don in ci shi da ƙananan duka ba. Na so in yi masa babban, mai wutar nan, wanda ke tsaga ƙasa, a gaban surukinsa da maƙwabtan da suka fara leƙowa. Na matsa kusa da shi, na danna, ƙatona ya buɗe ƙirji ya fara ihu yana tara ƙarfi. Tsinke bai yi komai ba sai kallo. Sai babban yatsansa ya sauka sau ɗaya. Tsohon nan mai gemu ya sako hannu, ƙatona ya tafi ƙasa da baya.

Tsinke ya ture hannun gem ɗin daga cinyarsa, ya ɗaga damansa sama yana rawa da kafaɗa ɗaya.

"Kisa! Jama'a ku shaida! Wurin kirari na same shi, kamar wancan karon!"

To a gem ba haka ba ne. Faɗuwa ba kisa ba ce, sai jini ya ƙare. Ƙatona ya miƙe, jininsa kaɗan ya ragu, ƙarfinsa a cike. Gwanin Tsinke, tsohon nan mai gemu, yana tsaye ba mai sarrafa shi. Yatsana yana kan botin. Dannawa ɗaya, in huce abin da na kwana da shi tun ina saurayi. Surukin ya buɗe baki zai yi masa bayani, na harare shi ya rufe.

Ba tausayi ba ne, kada wani ya rubuto mini wa'azi. A inda muka koyi faɗa, ba a dukan wanda ya kwance hannu. Kuma gwiwata ta taɓa ƙasa, kowa ya gani. Ɗan Japan yana da dokarsa, mu ma muna da tamu, kuma tamu ta riga tasa shiga jikina. Na zauna ina kallon lokaci yana ƙarewa. Da ya ƙare na'urar ta ba mai sauran jini da yawa, tsohon ya shafa gemu ya juya mana baya.

"Ka gani, har injin ya yarda," in ji Tsinke.

La'asar ta matso, kuma ba a bin hanyar nan da yamma. Na fara haɗa kaya. Na nemi hannu na biyu, sai na ga ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa.

"Wanga ganima ce. In kana son abinka ka dawo ka amsa da ƙarhinka."

"Sata dai za ka yi da tsufanka."

"Ranar da ba ka yanka ka zaka. Kuma ka riƙa rufe baki in kana faɗa."

Na samu motar ƙarshe da ƙyar. Mun shigo Mafara rana tana faɗuwa, na buɗe gidan, yana nan yadda na bar shi, ba wanda ya ce sannu da zuwa. Na jona na'urar, na dubi hotunan, na kashe. Dukan abin da ba ya zaginka ba shi da daɗi.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Hocen Bakura ya fi namu. Hanyar Maradun tana son a fita da wuri. Gem ɗin nan kuma duk kyansa, don mutum biyu aka yi shi, shi ya sa suka sa masa hannu biyu. Na tafi da kisa ɗaya a kaina, na dawo da biyu. Tagar ɗakina yanzu ba komai a kanta, har gizo-gizon ya tashi. Ban mai da buhun cikin kaya ba, na rataye shi a bayan ƙofa inda hannuna zai kai.