Bencin da Kawu Habibu ya bari a Durba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Habibu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koyar da kimiyyar sinadarai a Rano. Har yau a garinmu Durba ba a kiran sa da sunansa. "Malam Rufta" ake cewa, kuma saboda wannan laƙabi na ɗauki alƙalami.

Burin Kawu shi ne ramar da muke tufka igiya da ita a haɗa ta da narkakkiyar roba ta zama silin da ƙyaure. Ya bayyana mini cewa zaren rama yana da maiƙo da danƙo a jikinsa, shi ya sa roba ba ta kama shi. Idan aka tsoma shi a ruwan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, maiƙon zai fita, zaren ya yi kaushi, roba ta riƙe shi gam. Amma sharaɗi ne a tsame shi da wuri a ɗauraye, domin idan ya daɗe, sodar za ta cinye ƙarfinsa.

Ya tara manoma ya koya musu, har suka samu aikin silin wata makarantar Islamiyya. Ranar da ya ce a tsoma da hantsi a tsame da azahar, Alhaji Ɗanjuma, shugaban manoman, dariya ya yi.

"Haba Malam! Rama ce ko wanki? Mu da muka gaji jiƙa ta a kududdufi sai ta yi wari?"

"Alhaji, kududdufi daban, soda daban," in ji Kawu.

Ana cikin aikin ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Kano. Manoman suka bi gadonsu, suka bar zaren cikin soda kwana da kwanaki, suna ganin sun kyautata. Da damina ta sauka, silin ya rufto. Allah ya tsare, yara sun riga sun tashi. Kawu ya dawo da sauran ciwo, ya tarar an raɗa masa suna. Babu wanda ya miƙe ya ce umarninsa aka saɓa. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na mara lafiya. Bai sake ganin wata damina ba.

Yau baƙi na zuwa da motoci su kwashe ramarmu ɗanya, ana taruka a birni ana kiran abin da Kawu ya yi a zaurensa "sabuwar fasaha". Da yana raye, me zai ce? Na san halinsa: zai tambaye su ƙarfin sodarsu, ba zai ambaci kansa ba. Ni ban kai shi haƙuri ba. Rashin sani ya fi dare duhu, na yarda, amma rashin sani na lokaci guda ne. Shirun shekara bakwai kuwa zaɓi ne.

Abin da ya rage daga gare shi benci ne guda na rama a ƙofar masallacinmu, wanda ya sarrafa zarensa da hannunsa. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, gara ta gwada ta haƙura. Kwanan baya na iske Alhaji Ɗanjuma a kai, yana ba wani baƙo labarin Malam Rufta.

Na ce, "Alhaji, wa ya yi abin da kake zaune a kai?"

Ya dubi bencin, ya shafa shi, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Habibu."

Amin. Shekara bakwai muka jira wannan sunan.