Askar da Aka Faro Daga Tsini

Makon jiya wani bawan Allah ya shigo shagona a Tudun Wada da tsohuwar babbar riga a cikin leda. Ta mahaifinsa ce, in ji shi, yana so in ɗauko zanen ƙirjinta a kwamfuta in mayar masa da shi alamar kantinsa na yadi. Na karɓa na shimfiɗa a kan tebur, ban san sanda na zagaya na tsaya ta wajen wuya ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, ai kin juya ta." Na yi dariya na ce ya yi haƙuri, ni haka nake ganin riga. Ban tsaya yi masa bayani ba, don da ganinsa sauri yake yi. Kai da ka zauna karatu, ina jin kana da lokacin da zan ba ka labarin.

Kakana na wajen uba mai zanen riga ne a Ƙofar Marke, cikin Sakkwato. In na faɗi haka yanzu sai a ɗauka tela ne. Ba tela ba ne, shi da bakinsa yake cewa bai taɓa riƙe allura ba sai don cire ƙaya. Maɗinka ne ke kawo masa riga an haɗa ta, babu komai a jikinta, ya shimfiɗa a zaure ya zana mata ado da tawada da alƙalamin kara. Ya ja asake, dogayen nan masu tsini da ke saukowa daga bakin aljihu, ya naɗe tambari a ɗaya ɓangaren ƙirjin, wato da'irar nan mai zagaye cikin zagaye. Su kuma su ɗauka su yi wata da watanni suna bin layinsa da zare. Ranar da aka gama, ko ɗigon tawadarsa ba za ka gani ba. Mai riga zai sa ya fita, a yaba yadi, a yaba maɗinki, ba wanda zai tambayi wa ya zana.

Ba shi da littafin zane ko ɗaya, duk a kansa suke. Amma ba daga sama suke faɗo masa ba, na ga inda yake tsintar su. Da damina yakan ja ni mu gangara fadama, ya tsaya a kan wake da ya nannaɗe karan gero ya yi ta kallo har in gaji in fara jifar kwaɗi. A kasuwa yakan ɗaga ƙwaryar mai nono ya juya ta a hannu, matar ta zaci saye zai yi, ya ajiye ya yi gaba tana binsa da harara. Bayan kwana biyu sai ka ga naɗin waken nan ko layin ƙwaryar nan ya fito a gefen wata riga, an gyara masa zama.

Tun ina shekara bakwai nake zama gabansa in na dawo makaranta. Shi yana kan buzunsa ta wajen gindin riga, ni ina fuskantarsa ta wajen wuya, na danne yadin da tafin hannuna don kada ya tattare. Zauren kullum da ƙamshin ƙaro da aka jiƙa don tawada, da na goro, da surutun maɗinka biyar ko shida da suka zo karɓar aiki suka manta da tafiya. Kaka yana kirana amarya, irin wasan kaka da jika, yana gaya wa kowa cewa ya auri wadda ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba. Ni kuma ina ramawa, in ce wa zai zauna da miji mai haƙori huɗu. A cikin wannan wasa nake kallon hannunsa. Doka ɗaya na ji yana maimaitawa: alƙalami jansa ake yi zuwa jiki, ba a tura shi. In na shiga gida sai in sami tsinke in yi ta ja a ƙasa, na cika bayan littattafan makarantata da asake har na sha bulala a kai.

A bazarar da na cika sha ɗaya, ana zafin nan namu da ko tabarma ba ta zaunuwa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaka yana naɗe tambari, sai zagaye na uku ya hau kan na biyu. Mu kaɗai ne a zauren. Na ce, "Kaka, ka hau bisa layi." Ya tsaya. Ya kai fuskarsa dab da yadin har gemunsa na shafarsa, ya ɗago, sai na lura da wani fari-fari a tsakiyar idanunsa. Sa'an nan ya ce, "Amarya, kak ki hwaɗa ma kowa."

Ko a lokacin na gane abin da yake tsoro. Ba yunwa ba ce, babana da ƙannensa suna kasuwa, gida ba ya rasa tuwo. Zauren ne. Ranar da maɗinka suka ji cewa yanar ido ta rufe idon mai zane, za su yi masa jaje, su yi masa addu'a, su kwashi rigunansu su kai wani wuri. Shi kuwa bai san kansa da wani suna ba sai mai zane, bai san hantsi ba sai da mutane zagaye da shi suna jiran tawada ta bushe.

Washegari ya sanar cewa hasken zaure ya daina isarsa, daga yau a cikin gida zai riƙa zane, ƙarƙashin dalbejiya, a zo da yamma a karɓa. Maza ba sa shiga cikin gida, don haka ba mai ganin abin da ake yi. A can ya miƙo mini alƙalamin. Shi ne ke lalubar ɗinkin aljihu da yatsa, ya auna taƙi, ya ce daga nan zuwa nan, tsakanin aska da aska yatsa biyu. Ni ce ke ja. Da farko ya ce in zagayo gefensa, na zagayo, hannuna ya ƙi. Duk abin da na sani ya watse, kamar an ce in rubuta sunana da hagu. Shekara huɗu ina kallon riga ta wajen wuya, a haka ta zauna mini a kai. Ya ce in koma inda na saba, in dai layi ya miƙe.

Riga uku suka fita a haka ba wanda ya ce uffan. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Nakan laɓe a bayan ƙofa in ji maɗinka na cewa hannun Malam sai ƙara kyau yake yi da tsufa, in toshe baki kada dariya ta tona ni. Kaka kuwa ba ya dariya. Sai ya ce "Alhamdu lillahi" a gajarce, ya sauya magana.

Ta huɗun ta wani tsohon maɗinki ce daga Ƙofar Kware, abokin Kaka tun suna samari, siriri mai kaifin baki, wanda ba ya barin aibi ya wuce shi ko a rigar liman ne. Rigar wani babban malami ce da za a yi wa naɗi bayan Salla. Ya karɓa ranar Talata, ranar Laraba da hantsi sai ga shi ya dawo da ita a hammata, ko zare ɗaya bai sa ba. Ya zauna aka gaisa, ya fasa goro, ya yi ta hira har sauran mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Sai da zaure ya rage su biyu, da ni a bayan ƙofa, sa'an nan ya warware rigar.

Ya ce, "Malam, shekara talatin ina biyar tawadakka da zare. Askakka daga gindi take tasowa, nan tawada ka kauri, ta tai tana sirancewa har tsini. Wagga kau daga tsini anka faro ta."

Nan take na gane. Alƙalami in an tsoma shi, inda ya fara sauka nan yake zubar da tawada mai yawa. Kaka daga gefensa yana farowa daga gindin aska ya jawo zuwa tsini. Ni daga nawa gefen, da na bi dokarsa na ja zuwa jikina, tsinin ne farko. Layin ya miƙe, awo ya yi daidai, amma kaurin tawadar yana can inda bai kamata ba. A duk Sakkwato ban san ko mutum uku za su lura da wannan ba.

Can sai maɗinkin ya sassauta murya, ya ce, "Ko dai sabon salo na kas samo muna da tsuhwa?"

Sai da na girma na gane abin da mutumin nan ya yi. Hanya ya buɗe wa abokinsa. Da Kaka ya ce e, da shi ke nan, an yi dariya, an naɗe riga, magana ta mutu a nan, kuma na tabbata da bai ƙara tayar da ita ba har ya koma ga Allah. Ni a bayan ƙofa ina ta roƙo a zuci, ka ce e, Kaka, ka ce e.

Ya ce, "Ba salo na ba. Idona ya tahi." Sa'an nan ya ɗaga murya, "Amarya! Na san kina nan. Taho."

Na fito. Ya laluba ya kamo hannuna ya ɗora a kan rigar. "Ga wadda taz zana. Wagga, da ukun da sunka gabace ta."

Maɗinkin ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗiya mace?" Ya sake duban rigar, ya bi asaken da farce ɗaya bayan ɗaya, yana neman abin da zai kama. Can ya ce, "To, ni dai ban ga inda tak karkace ba." Ya naɗe abarsa ya tafi, kuma ya ɗinke ta a kan layina.

Kaka bai jira labari ya bi gari da kansa ba. Da yamma da mutane suka taru ya faɗa musu da bakinsa. Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru. Aka yi jaje, aka yi addu'a, kafin damina ta sauka yawancinsu sun koma wurin wani mai zane. Wasu sun ce ba za su kai wa babban mutum rigar da yarinya ta zana ba. Zauren da ba a samun wurin zama ya koma daga tsohon maɗinkin nan sai wasu biyu. Na ji haushin Kaka ƙwarai, na yi kwana uku ban kai masa fura ba. Da na gaji na je na same shi ina kuka, na ce me ya sa ya faɗa musu, ai an ba shi hanya.

Ya ce, "Shekara hamsin zare shina ruhe aikina, ban damu ba, haka sana'ar take. Amma ni ba ni zama zare in ruhe naki."

Daga ranar ya sauka daga kan buzun ya ce in hau, in koyi riga ta gefen da masu zane ke zama. Na yi wata shida ina fama kafin hannuna ya yarda, ko da yake har gobe idona bai gama yarda ba. Shi ya koma wurina na da, ta wajen wuya, yana danne mini yadi. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Abu ɗaya ya roƙi abokinsa: duk rigar da na zana, in an gama ɗinki, a biyo da ita ta zaure kafin a kai wa mai ita. Sai ya ɗora ta a cinya ya bi zaren da yatsunsa a hankali, daga bakin aljihu har tsinin aska ta ƙarshe. Wani lokaci ya ce nan na yi gaggawa, kuma gaskiyarsa ne. Wani lokaci ya tsaya a kan wani lanƙwasa ya tambaye ni ina na samo wannan. In na ce a jikin ƙofar masallaci, ko a lallen ƙafar gwaggona, sai ya yi murmushi ya sake bi ta kansa. Shekara huɗu muka yi a haka kafin ya rasu.

Yau zane ne sana'ata, da shi aka san ni, kuma a ƙasan kowane aiki akwai sunan shagona, ba mai rufe shi. Matasa masu koyon aikin sukan tambaye ni inda ake samun sabon zane da kayan aiki. Ina nuna musu abin da ke intanet, yana da yawa, yana da amfani, ni ma ina ɗauka. Ina kuma ce musu su ajiye waya su zagaya kasuwar ’yan ƙwarya, su dubi tsofaffin ƙofofi kafin a rushe su. Wasu suna zuwa, wasu su ɗauka tsufa ne ya fara kama ni. Damar da suke da ita ta fi tawa nesa ba kusa ba, kuma ina yi musu murna har zuciya.

Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne abin da nake yi in babban aiki ya fito daga injin bugawa, katin biki ne ko fosta. Nakan jira kowa ya juya baya, in rufe ido in shafa takardar da yatsuna daga sama har ƙasa. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, na zana abubuwan da nake alfahari da su, waɗanda na so a ce ya san na iya. Da zai dawo a ɗora masa su duka a cinya, ba abin da zai ji sai santsi.