Inda Na Ce wa Kaka Mun Iso

Ranar wata Juma'a ce a watan Maris na shekarar 2012, tsakiyar azumin kwana arba'in, Kaka Laraba ta tuɓe takalmanta a ƙofar benen da muke haya a unguwar Mohandessin, ta miƙa wa mai gadin gidan, ta ce in gaya masa ya ajiye mata sai ta dawo. Bawan Allah ya tsaya da silifas biyu a hannu, ya dube ni, ya dubi ƙafafunta. Gari bai gama wayewa ba, mai keken wake ma bai kafa tukunyarsa a bakin layi ba. Kaka ta ɗaura zanen matan zumunta, rosari a hannun dama, idonta ɗaya a rufe da auduga, ɗayan kuma yanar ido ta rufe shi, ba ta ganin komai sai inuwa. Ta laluba ta kama kafaɗata. Shekaruna goma sha uku, kuma ni ce zan kai ta.

Aikin ido ne ya kawo ta Alƙahira daga ƙauyenmu na kudancin Katsina. Babana direba ne a ofishin jakadanci, shi ya yi ta faɗi-tashi har aka samo mata likita. Amma ita a ranta ba don ido ta hau jirgi ba. Ina shekara biyu sanƙarau ya kwantar da ni a ƙauye, har an fara cewa a kira katikis, sai Kaka ta durƙusa ta yi wa Maryamu alkawari: in yarinyar nan ta tashi, za ta taka da ƙafarta zuwa duk inda aka ce Uwa ta taɓa sa ƙafa. Na tashi. Shekaru suka wuce, sai ga ɗanta an tura shi Masar, Fadan ƙauye kuma ya gaya mata cewa a tsohon gari, ƙarƙashin wata coci, akwai kogon da aka ce Maryamu da Yusufu sun ɓuya da jaririn. Daga ranar Kaka ba ta da wata magana sai ta kogo.

Wata biyu ta yi da mu, ta hana gidan sakat. Mu muna hawa na biyar, inda ake zura kwando da igiya daga baranda a sayi burodi, mai tukunyar gas kuma yana wucewa yana buga ƙarfe kamar zai fasa wa mutum kai. Kaka ta ce ba ta taɓa ganin mutanen da ke kwana a kan juna ba. Ta nemi turmi, Mama ta ce maƙwabtan ƙasa za su kira mana 'yan sanda. Ta ɗanɗana wakensu ta ce an dafa shi babu tausayi. Ni kuwa "Balarabiya" take kirana, don bakina ya fi karyewa da Larabci, in na dawo makaranta na ce "khalas", wato an gama, sai ta ce, "Wa ya rasu?" Aikina ne in ɗiga mata magani a ido, in wanke zannuwanta, in raka ta baranda ta sha rana. Da yamma yaran benen suna gala-gala a tsakar gida da alli, ni ina sama ina cire mata furfura tana ba ni labarin ziyarar ƙafa ta garinsu.

Kowace shekara bayan girbi, in ji ta, sukan taka kwana uku zuwa wani dutse da aka kafa gicciye a kansa. Mata da garin gero da ƙuli-ƙuli a ƙulle, maza da goran ruwa, ana kwana a azuzuwan makarantun hanya. Babu hawa jaki, babu hawa keke. Kuma akwai doka ɗaya da ta fi sauran ƙarfi: mai ziyara ba ya tambayar saura nawa. Ko ƙafarka ta tsage, ba ka cewa "mun kusa?" Jagora kaɗai ya san hanya, shi kaɗai zai buɗe baki ya ce an iso. Kaka takan ce, "Maryamu ba ta san nisan Masar ba da ta fito, ta dai bi." Na ji wannan magana ta fi sau ashirin, ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba.

Baba ne ya kamata ya kai ta. Daren Alhamis aka ce masa akwai baƙin da zai ɗauko a filin jirgi da safe, Mama kuma tana jego, jirgin Kaka na komawa gida ranar Lahadi. Ni na taɓa zuwa wurin da motar makaranta, Juma'a da safe kuma tituna fayau suke. Baba ya zana mini hanya a bayan takarda: Dokki, sai bakin kogi har Giza, a haye gada, a bi ta kudu, kada in kuskura in doshi tsakiyar gari don lokacin ba kullum ake kwana lafiya a can ba. Na ce na gane, har da ɗaga kai, don ina jin kaina babba.

Awa ta farko ta yi daɗi. Muna tafe tana jan rosari ina amsawa, masu shaguna suna wanke ƙofofinsu. Da rana ta ɗaga, mutane suka fara fitowa, sai Kaka ta ɗauko waƙoƙin coci da Hausa, da ƙarfi, irin yadda ake yi a daji inda ba mai jin ka sai tsuntsaye. Wasu samari a kan babur suka rage gudu, suka nuna ƙafafunta, suka faɗi kalmar da na sani ita ba ta sani ba. Can gaba wata mota ta tsaya a danja, sai ga fuskar wata 'yar ajinmu a taga, ta dube ni, ta dubi tsohuwar da ke riƙe da kafaɗata babu takalmi. Na sunkuyar da kai. Sabon takalmin da na nace sai na sa ya riga ya ɗaye mini dunduniya. Kaka ma ta taka wani abu, yatsanta yana ɗan jini, amma ko tsaki ba ta yi ba. Shekaru da yawa na riƙa gaya wa kaina cewa jinin nan ne ya sa na yi abin da na yi. Ƙarya nake. Kunya ce da gajiya, kunyar ma ta fi yawa.

Kafin mu kai gada na hango wata ƙaramar cocin Kibɗawa, Kiristocin Masar, a cikin lungu, ƙofarta a buɗe. Na tsaya. Na san ba za ta tambaya ba, kuma sanin hakan ne ya ba ni ƙarfin hali. Na ce, "Kaka, mun iso." Ta saki kafaɗata, ta tsaya cik. Na roƙi dattijon da ke shara a ciki ko akwai ɗaki a ƙasa inda kakata za ta huta ta yi addu'a. Ya ce akwai, amma ɗakin ajiya ne, ma'alish, wato mu yi haƙuri. Kaka ta ce, "Me ya ce?" Na ce yana yi mana maraba. Muka sauka matakala takwas ko tara zuwa wani ɗaki mai sanyi, cike da kujerun roba a jere kan juna, da bokiti, da wani tsohon hoton Maryamu da aka jingine da bango.

Kaka ta durƙusa a kan siminti ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko a asibiti. Ta ce, "Uwa, ga ni na zo, ga kuma yarinyar." Ta jawo hannuna ta ɗora a ƙasa tare da nata. Ta daɗe tana kiran sunayen mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya, masu rai da waɗanda suka rigaya. Daga ƙarshe ta shafo ƙurar wurin ta ƙulle a bakin zanenta. Ni ina tsaye ina kallon bokiti. Na buɗe baki sau biyu in faɗa mata gaskiya, ban iya ba. Muka hau ƙaramar bas muka koma gida, Baba ya yi mamakin saurinmu, ya saya mini ruwan rake.

A ƙauye aka tarbe ta da guɗa. Matan zumunta suka riƙa zuwa neman ɗan abin da ke bakin zanen nan, a shafa wa yaro mai zazzaɓi, a sa wa mai naƙuda a goshi, ita kuma tana rabawa kaɗan-kaɗan da farce. Duk sanda aka haɗa mu a waya sai ta ce, "Jagorata, ya Masar?" Kowane hutu nakan ce in mun je gida zan zaunar da ita in faɗa mata. Mun je sau ɗaya, na same ta tana ba matan zumunta labarin sanyin kogon, na koma ɗaki. Ta rasu a damina ta 2015, muna haɗa kayan dawowa gida gaba ɗaya.

Kafin mu taso na tashi da sassafe ni kaɗai, na bi hanyar nan tun daga ƙofar benen. Na wuce lungun ban waiwaya ba, na haye gada, na isa tsohon gari, na leƙa kogon ta bayan ƙarfen da aka tare shi da shi. Na furta laifin a gaban Fada daga baya, ya ce Allah ya ga ƙafarta, kuma na yarda da shi. Amma ba Allah na yaudara ba, tsohuwar da ta ba ni amanar idonta ce.

Yanzu masu ziyara daga cocinmu a mota mai sanyi suke tafiya, kowa da waya a hannu tana nuna masa saura minti nawa, ba mai bin wani a makance. Ina ganin sun huta, amma nakan yi kewar nauyin hannun nan a kafaɗata, hannun da bai taɓa shakkata ba. Ranar da na taka hanyar ni kaɗai na duba agogo daga lungun zuwa kogon. Tafiyar awa ɗaya ce ta rage mata, kuma da ta iya.